Tafiyar Awa Biyar Daga Kano Zuwa Jidda Da Hukunce-hukuncenta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk shekara in aikin Hajji ya gabato, akwai tambayar da 'yan kasuwa da ma'aikatan Gwamnati sukan kawo mini nan Rijiyar Zaki, kusan da lafazi ɗaya. Sukan ce, "Allah gafarta Malam, mutumin da ya zauna kan kujera mai laushi, ana kawo masa abinci da ruwan sanyi, kafin ya gama gyangyaɗi an ce ga Jidda, shi ma matafiyi ne? Zai yi ƙasaru kamar wanda ya hau raƙumi?" Tambayar tana da kyau, kuma a bayanta akwai waɗansu da suka fi ta nauyi, waɗanda ba a cika yi ba. Saboda haka na ga ya kamata mu fara da sanin nisan kansa, domin ba a yin hukunci kan abin da ba a auna ba.

Tsakanin Kano da Jidda, in an miƙe ta sama ba kwana, kilomita 3,400 ne da 'yan kai, watau mil 2,100 da ɗoriya. Zuwa Madina kuwa ya ɗara haka da kamar kilomita 150. Jirgin sama na wannan zamani yana cin kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, don haka in an haɗa da tashi da sauka, tafiyar takan ɗauki awa huɗu da rabi zuwa biyar. Jirgin yakan bi ta saman arewacin Barno da ƙasar Cadi, ya ratsa Sudan, ya ƙetare Kogin Nilu, sa'an nan Bahar Maliya. To, a mazhabar Imamu Malik nisan da ke halatta ƙasaru baridi 4 ne, watau mil 48 na malaman fiƙihu, kamar yadda yake a Risala, abin da ya kama kilomita 80 ko ɗan fiye. Malamai sun ƙiyasta shi da tafiyar yini biyu ta raƙuma masu kaya. Wannan tafiyar yini biyu jirgi yana shafe ta cikin minti shida. Nisan Jidda kuwa ya ninka ta sau arba'in da wani abu, ke nan da ayari zai miƙe ba hutu ba ratse, sai ya yi kwana tamanin da 'yan kai.

Amma babu ayarin da ya taɓa miƙewa haka. Kakanninmu sukan tashi daga nan su nufi Barno, su ƙetare zuwa Fallomi, wadda yanzu ake kira Njamena, su shiga Wadai su yada zango a Abashe, daga nan sai Jinaina da Fashir a ƙasar Darfur, sai Ubayyid, sai Umdurman, har su kai Sawakin a bakin teku, inda za su nemi jirgin ruwa. Mafi yawansu ba su da guzurin da zai kai su, sai su tsaya su yi noman damina guda a nan, su yi ƙodago a can, mai allo ya buɗe makaranta, mai allura ya yi ɗinki. Bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira sun riƙe dubbansu. Ina yaro na tarar da wani tsoho a wannan yanki namu wanda ya tafi yana saurayi, ya komo da furfura da 'ya'ya masu jin Larabcin Sudan fiye da Hausa. Yakan ce sa'ad da za su tashi sai da aka raba musu abin da za a raba, aka yafi juna, domin ba mai sa ran sake ganin wani. Waɗansu ba su kai ba, waɗansu sun kai ba su komo ba. Garin Mai Wurno da ke bakin Nilu shaida ne: jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello, bayan yaƙin Burmi na 1903.

Don mai karatu ya san girman al'amarin, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, duk da begen da yake yi wa Madina, bai sami zuwa ba. Ya so bin malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru, amma ya komo saboda ba shi da izinin mahaifinsa. Ƙanensa Malam Abdullahi ya taɓa ɗaukar hanyar gabas, da ya iso Kano mutanen gari suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, a nan ya wallafa Liya'ul Hukkami, ya juya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma bai je ba. Yau ɗan tireda a Kantin Kwari ya je sau biyar. Wannan abin godiya ne, abin tsoro ne kuma.

Sauyin bai zo rana ɗaya ba. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano, kwana shida bayan tasowarsu daga Masar, su ne na farko da aka gani a ƙasar nan. A 1936 aka fara zirga-zirgar jirage tsakanin Hartum da Kano. A 1948 Alhaji Ibrahim Musa Gashash da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Mahmudu Ɗantata suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da manyan motoci zuwa Sudan, wadda sunanta a taƙaice, WAPA, ya bi wurin nan na Fagge inda 'yan canji suke zama. Da yawa masu zuwa sayen riyal a can ba su san asalin sunan ba. Da motoci, shekaru suka koma watanni. Da jirgin sama ya kankama, watanni suka koma awoyi. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai a 1975, a 1977 alhazan Nijeriya suka haura 100,000.

To, mu koma ga tambayar ƙasaru. Amsa ita ce, i, matafiyi ne, kuma ƙasaru sunna ce mai ƙarfi a kansa. Shari'a ta rataya wannan rangwame ga tafiya mai nisan da aka ambata, ba ta rataya shi ga gumi ba, domin wahala ba ta da ma'auni: abin da ya gajiyar da wani, wani ko a jikinsa. Tun dā ma malamai sun ce wanda ya yanke wannan nisa cikin ɗan lokaci zai yi ƙasaru, kamar yadda sarkin da ake ɗauke da shi cikin jin daɗi yake yi. Wanda ya ce shi ya fi ƙarfin rangwamen Ubangijinsa, sai ya binciki zuciyarsa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin fara ƙasarun. Mutumin gari ba ya farawa sai ya wuce gidajen garinsu da lambunan da ake zaune cikinsu. A dā, tsakanin Rijiyar Zaki da Kabuga gonakin gero da dawa ne, mutum yana fita ya san ya bar gari. Yanzu gine-gine sun haɗe tun daga nan har filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Abin da na fahimta, mutumin Kano da kewayenta da suka haɗe da ita zai cika sallarsa a sansanin alhazai da filin jirgi, sai jirgi ya ɗaga sa'an nan hukuncin tafiya ya hau kansa. Amma wanda ya taso daga Gwarzo ko Bichi ko Ɗambatta da niyyar Makka, ya riga ya bar garinsu, zai yi ƙasaru a sansani, sai fa in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ko ya tabbata zaman zai kai haka. Wannan ba ƙaramar mas'ala ba ce, don na taɓa kwana uku a sansani ina jiran jirgin awa biyar, kullum ana ce mana gobe. A irin wannan hali sahu ɗaya yakan haɗa mai cikawa da mai ƙasaru, kowa kuma yana kan daidai.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro. Agogon Makka yana gaba da namu da awa biyu, kuma ba Gwamnatoci ne kawai suka ga dama suka sa haka ba, rana ce take riga faɗuwa can da kimanin awa biyu. Mai tafiya gabas yana tarar rana ne, sai yininsa ya gajarta. Misali, jirgi ya tashi Kano da ƙarfe 10 na safe. A Kano rana ba za ta yi zawali ba sai wajen sha biyu da rabi. Amma wanda ke cikin jirgin, zawali zai riske shi wajen sha biyu saura kwata a agogonsa, yana saman ƙasar Cadi. Ya sauka Jidda agogonsa na cewa ƙarfe 3, alhali kuwa ƙarfe 5 ne na yamma a can: lokacin mukhtari na Azahar ya fita tuni, La'asar ta yi nisa, in da hunturu ne Magariba saura ƙasa da awa guda. Ga layin duba fasfo, ga neman jaka. Na ga dattijo yana duban agogonsa hankali kwance yana cewa da sauran lokaci, rana kuwa tana shirin faɗuwa a kan teku. Agogon hannu bai san inda mai shi yake ba. Lokacin salla yana bin ranar wurin da kake.

Mafita tana nan cikin littattafanmu. Wanda rana ta yi masa zawali yana kan tafiya, in ya san zai sauka kafin rana ta yi fatsi-fatsi, yana iya jinkirta Azahar ya haɗa ta da La'asar bayan sauka. Wanda zawali ya same shi kafin a shiga jirgi, kuma ya san ba zai sauka ba sai bayan faɗuwar rana, sai ya sallaci Azahar ya jawo La'asar ya haɗa tun a ƙasa. Gaskiya ne mashahurin zance a mazhabarmu ya keɓe wannan jam'i ga tafiyar tudu ban da ta ruwa, dalili kuwa na cikin jirgin ruwa yana da sararin tsayuwa ya yi kowace salla a lokacinta. Na cikin jirgin sama ba shi da wannan sarari, don haka ni ina ganin ya fi kusa da na kan raƙumi. Asuba ce ba ta haɗuwa da kowa. Jirgin da ya tashi Kano da tsakar dare, alfijir zai keto masa da wuri, kuma tsakanin alfijir da hudowar rana zai taƙaita ƙwarai saboda gudun jirgin. A nan dole a yi ta a sama. Waɗansu malamai sun yi tawakkufi, suka ce sujada sai a kan ƙasa ko abin da ke haɗe da ita. Shaihu Muhammadul Amin Shanƙiɗi, wanda shi kansa ta ƙasa ya je Hajji ya ratsa Sudan, ya rubuta risala yana tabbatar da ingancin salla a jirgin sama, kuma a kan haka jama'ar malamai suke. Mutum ya shiga jirgi da alwala, ya tsaya in an ba shi wuri, in ba hali ya yi a zaune gwargwadon iko. Wani sauƙi da Allah ya yi mana mu mutanen nan shi ne, alƙiblarmu gabas ce mai karkata arewa, nan kuma hancin jirgin yake dubawa. Mai zuwa yana zaune yana fuskantar alƙibla. Mai komowa ne take bayansa.

Masu zuwa Umra da azumi su ma su lura. Mai zuwa yininsa ya ragu da awa biyu, mai komowa da rana nasa ya ƙaru. Ba a shan ruwa da agogon Jidda ko na Kano, sai an ga rana ta faɗi daga inda ake, kuma na sama yakan ci gaba da ganinta bayan ta ɓace wa na ƙasa. A mazhabarmu wanda ya kwana da niyyar azumi a gida, ya fita bayan alfijir, ba shi da damar karya azumin wannan rana don tafiya.

Babbar mas'ala ita ce ta miƙati. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya wuraren da mai nufin Hajji ko Umra ba zai wuce ba sai da harami: Zul Hulaifa ga mutanen Madina, Juhfa kusa da Rabig ga masu zuwa daga Sham, Yalamlam ga mutanen Yaman, Ƙarnul Manazil ga mutanen Najadu, sa'an nan akwai Zatu Irƙin ta mutanen Iraƙi. Wanda hanyarsa ba ta bi ta ɗayansu ba, sai ya yi harami in ya zo daura da mafi kusa. Ga ayari wannan abu ne mai sauƙi, a sauke kaya, a yi wanka, a yi nafila, a ɗaura. Ga jirgin da ke cin kilomita 14 a minti guda, kafin mutum ya kwance maɓallin rigarsa an wuce. Shin Jidda, wadda ke kamar kilomita 75 daga Makka, za ta zama miƙatin masu jirgi? Shaihu Abdullahi bin Zaid Al Mahmud na Ƙatar da Shaihu Mustafa Zarƙa sun ce i. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta ce a'a, haka kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman cikin Oktoba 1986, ta yanke cewa miƙatan nan suna kan mai tafiya ta sama da ta ruwa kamar yadda suke kan na tudu. Sai dai akwai abin da ya shafe mu musamman. Littattafan Shafi'iyya da Hambaliyya sun ambaci mai ƙetarowa daga Sawakin, suka ce yana isa Jidda kafin ya zo daura da wani miƙati, saboda haka a Jidda zai yi harami. Ta Sawakin kakanninmu suka bi, kuma jirgin da ya miƙe daga Kano ba ya nesa da wannan hanya. Wannan hujja ce mai ƙarfi ga masu ɗaurawa a Jidda, ban kuwa yarda a ce aikinsu ya ɓaci ba. Amma fasinja ba shi ne matuƙi ba, bai san ta inda aka karkata da shi ba, musamman yanzu. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, in Makka za ka fara shiga, yi wankanka a gida, ɗaura gyautonka tun a Kano, ka riƙe mayafin a hannu, kada ka sa shi cikin jakar awo. In an yi sanarwa a jirgi, ko ka hangi teku, sai ka yi niyya ka fara talbiyya. Yin harami kafin miƙati makaruhi ne amma ya inganta, wuce shi ba harami kuwa yana jawo komawa ko hadaya. Wanda aka sauke a Madina, kamar yadda ake yi wa mafi yawan alhazanmu a 'yan shekarun nan, ya huta da wannan duka, Zul Hulaifa na jiransa.

Na ce musamman yanzu, domin da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 an rufe sararin samanta, jiragen alhazan waccan shekara sai da suka yi zagaye, awoyin tafiya suka ƙaru, kamfanoni suka nemi ƙarin kuɗi. Fashir da Jinaina da Umdurman, garuruwan da suka ciyar da kakanninmu suka ba su masauki, su ne aka yi ta jin sunansu cikin labarin kisa da yunwa, kuma cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai jikokin Hausawan da suka tsaya a hanya. Mun saba wucewa ta kansu muna barci, sai da kuɗin kujera ya motsa muka tuna suna nan.

Kada kuma gajartar tafiya ta sa a ɗauka an rabu da haɗari. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ran 11 ga Yuli 1991 wani da ya nufi Sakkwato ya kama wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, duka mutum 261 da ke ciki suka cika. Allah ya jiƙansu. Na kawo wannan ne saboda na lura an daina rubuta wasiyya. Ɗan kasuwa ya rufe shago kamar mai zuwa Legas, da kuɗin mutane a hannunsa, ba takarda ba shaida. Ma'aikaci ya ɗauki hutu, ya bar fayil ɗin wani bawan Allah a kulle cikin durowa. Na dā da yake ganin mutuwa a kowane zango, ba ya fita sai ya biya bashi ya nemi gafarar maƙwabta. Wajibin nan bai ragu da ragin awoyi ba.

Akwai kuma abin da doguwar hanya take yi wa mutum wanda jirgi ba ya yi. Mai tafiyar shekara uku yana isa Sawakin ya ji hukuncin ɗawafi da sa'ayi da tsayuwar Arfa sau ɗari daga bakin malaman ayari, ya iya Larabcin neman ruwa da tambayar hanya, ya koyi haƙuri da abokin tafiya. Na yau da safe yana Kasuwar Kurmi yana ciniki, da dare yana gaban Ka'aba, da zuciyar da ya fito da ita daga kasuwa. Ya biya fiye da naira miliyan 8, kamar yadda kujera ta kama a 2025, amma zuwa bita ta sati-sati ya gagare shi, wai ba lokaci. Sai ya aiko yaronsa ya karɓo masa littafin. Malamanmu sun fassara iko da cewa shi ne samun isa ba tare da wahala mai tsanani ba, da aminci a kan rai da dukiya, har suka wajabta Hajji ga mai iya tafiya da ƙafa in yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya. Yau iyakoki da biza da adadin kujeru sun rufe wannan ƙofa, iko ya koma kuɗi da lafiya da samun kujera. Wanda bai da su babu laifi a kansa, kada ya sayar da gonar da iyalinsa ke ci don a kira shi Alhaji. A nan yankinmu na ga gonakin gado da yawa sun tafi ta wannan hanya, an yanka su fuloti. Wanda yake da su kuwa, ma'aikaci mai cewa sai ya yi ritaya, da attajiri mai cewa sai kaya sun iso, su sani malamanmu sun yi saɓani ko Hajji wajibi ne nan take ko da jinkiri, kuma masu cewa da jinkiri ma sun ce in mutum ya ji tsoron kuɓucewarsa saboda tsufa ko ciwo, jinkirin ya ƙare.

Maniyyacin bana, in an ba shi takardar jirgi, ya dubi lokacin tashi, ya ƙara awa biyar na tafiya, ko fiye in za a yi zagaye, ya ƙara biyu na bambancin agogo, ya ga ƙarfe nawa zai sauka, ya lissafa sallolin da za su faɗa tsakani. Ya tambayi jami'in alhazai ko Jidda za a sauka ko Madina. Da waɗannan amsoshi biyu zai je wurin malamin unguwarsu tun kafin ranar shiga sansani.